Furen Sitti da Tokar Murhunmu

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta san ta tono komai ba. Wata Juma'a da la'asar ta shigo ɗakina rungume da 'yar tukunyar roba, an naɗe ta da leda mai ƙyalli, ta dire a gabana tana murmushi. Wai a kanti ta gani ta tuna da ni. Mai kantin ya ce mata daga ƙasar sanyi aka kawo a jirgin sama, zai yi wata ɗaya ko biyu yana ado, in ya bushe a jefar a sayi wani. Na sunkuya na duba. Ganye kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, gefensa da 'yan haƙora ƙanana. Furen fari ne da ratsin ja, wani ratsin ya yi yawa, wani ɗan kaɗan, babu biyu da suka yi kama da juna. Ban san lokacin da na janye hannuna na cusa a mayafi ba. Yarinyar ta yi dariya, ta ce mini da Larabcinta ai ba ya cizo. Na ce mata na san shi tun kafin a haifi ubanta, kamiliya ake ce masa, kuma tsakanina da shi ni ce mai cizon.

A unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda aka haife ni, a wani lungu da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Yanzu an share wurin, fili ne fetal. Ɗana ya kai ni sau ɗaya a mota, na tsaya ina dube-dube, ko inda ƙofarmu take ban iya nunawa ba. Amma in na rufe ido lungun yana nan da sautinsa. Kafin gari ya waye sosai sai ka ji ƙarar garwar 'yan ga-ruwa, sannan kukan jiragen ruwa daga tasha, mai kauri kamar na sa, sannan luguden matan gidan da ke bayanmu, sannan cuwwar ƙullun ƙosai in Inna ta saka shi a mai. Hausa ake yi a lungun nan tun daga bakinsa har ƙarshensa, sai dai Hausa ce da ta sha Larabci ta ƙoshi. Yau ina zaune a hawa na huɗu a gidan ɗana. Ba na jin komai sai gurnanin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana. Maƙwabciyata ta ƙofar da ke kallon tamu, shekara uku ke nan, ban san sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba.

Inna ƙosai take soyawa a ƙofar gida kowace safiya, da itace da gawayi. In wuta ta mutu, aikina ne in kwashe tokar in zuba a wata tsohuwar garwa. A gidanmu ba a zubar da toka. Da ita muke wanke tukwane, da ita ake tare hanyar tururuwa, ruwanta ake tacewa a sa a miya in babu kanwa. Akwai 'yan gwangwanaye da Inna ta jera a jikin bango, ta shuka yakuwa da kuɓewa da ɗoɗɗoya, in ƙwari suka taɓa su sai ta barbaɗa musu toka, in suka yi yaushi ta zuba musu a gindi, kwana kaɗan ka ga sun miƙe. Baba yakan tsokane ta, ya ce da a ce mutum zai karye a gidan nan, Inna toka za ta barbaɗa masa. Ita kuma ta ce ai bai gwada ba ne. Mukan yi dariya, ba mu san akwai ranar da zancen zai daina ba mu dariya ba.

Baba da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ya baro ƙauyensu yana saurayi, ya yi shekaru a hanya, yana tsayawa a Sudan yana noman auduga a gonakin mutane har ya samu na ƙetare teku. Da ya sauke farali bai ga hanyar komawa ba, sai ya zauna. Manomi ne, ba abin da hannunsa ya sani sai ƙasa, don haka ya samu aikin lambu a wani babban gida a tsohon gari, irin gidajen nan masu hawa-hawa da tagogin katako. Mai gidan ya daɗe da rasuwa, sai matarsa, wata tsohuwa fara siririya da kowa ke kira Sitti. Iƙamar Baba, wato takardar zamansa a ƙasar, da sunan gidan take, su ne kafilinsa, masu tsaya masa a wurin hukuma. Ni da Inna da ƙannena biyu duk a jikin wannan takarda muke rataye. 'Ya'yan Sitti manya guda biyu 'yan kasuwa ne, kuma ba zan ce mugaye ne ba, amma sun riga sun sare itatuwan lambun sun mayar da wurin ma'ajiyar motoci da kaya. Ba su ga amfanin mai lambu a gidan da ba shi da lambu ba. Duk shekara in lokacin sabunta takarda ya zo sai babban ya tayar da maganar, duk shekara kuma amsar Sitti ɗaya ce: muddin furen nan yana numfashi, Hajji, wato Baba, yana gidan nan.

Furen na autanta ne. Ya je karatu wata ƙasa mai nisa, ya dawo ta jirgin ruwa da ɗan icen a tukunya, tsaraba ga uwarsa. Shekara ba ta zagayo ba ciwo ya ɗauke shi. Kowa ya ce icen ma ba zai kai labari ba, don ba a halicce shi domin Jidda ba, garin da ƙarfe ma yake gumi. Aka miƙa wa Baba, ba don ana sa rai ba. Bai taɓa ganin irinsa ba, ba kuma mai tambaya. Da lalube ya koyi halinsa, ganye ya faɗi ya sake dabara, reshe ya bushe ya sake wata, har icen ya kai ƙirjin mutum tsawo. A gidanmu ba ma ce masa kamiliya, 'yar gata muke cewa, Inna ce ta raɗa mata. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kishin ruwa ya kama Baba ya damu ba, amma 'yar gata ta yi atishawa sai gidan ya rikice.

Gata kuwa ta sha shi. Ba ta shan ruwan da mu mutane muke sha. Ruwan sama ake tara mata a Ɗa'if, garin kan dutse mai sanyi, a sauko da shi a garwa, a juye a wata randa da ba mai taɓawa sai Baba. In ya ƙare sai ya tara kwano a ƙarƙashin mukayyif ɗin ɗakin Sitti ya tattara abin da ke ɗiga. Ƙasar tukunyarta baƙa ce, daga gindin itatuwan kan dutse yake kankaro ta, rabinta ruɓaɓɓen ganye. Ganyen shayin da aka dafa a gidan, kafin a sa sukari, shi yake karɓa ya shanya ya shimfiɗa mata a sama. Tana zaune a zauren bene, gefen da iskar teku ke shigowa ta tagogin katako, rana na leƙa ta da sassafe, kafin hantsi ya ɗaga a rufe. In zafi ya taso, lokacin da masu hali ke tashi su hau Ɗa'if shan iska, ita ma da ita ake tafiya. A bayan babbar mota ake sa ta, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, Baba yana zaune ya rungume tukunyar da ƙafafunsa tun daga Jidda har kan dutse. Mu kuwa 'ya'yan cikinsa muna Hindawiyya muna kwana a kan rufi, ƙuraje sun feso mana a wuya. Na yi kishin icen nan, ba zan ɓoye ba.

Amma in suka sauko, sai in yafe mata. Lokacin da zafi ke fara karyewa ne, wanda Inna ke kira kaka ko da yake babu abin da ake girbewa a Jidda. Icen yakan dawo ɗauke da ƙullin fure, ƙanana kamar gujiya, a kan kowane reshe. Baba zai bi su ɗaya-ɗaya, inda uku suka cunkushe ya cire biyu. Sai a jira. Ranar da na farko ya buɗe, Sitti takan aika a kira mu har Inna, a dafa shayi da na'ana'a, a kawo mata kujera gaban tukunyar. Idonta ya riga ya yi rauni, sai ta kai fuskarta dab da furen tana bin ratsin jan da ɗan yatsa ba tare da ta taɓa ba. Takan ce wannan ya ɗebo ja da yawa, wancan kuma ya yi rowa. Wani lokaci ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, mun san ba da mu take ba. Baba yana tsaye daga baya, hularsa a karkace, yana kallon ƙasa kamar ba shi ya yi aikin ba, amma ni na san ranar ko abinci bai ci ba ya ƙoshi.

Abu ɗaya ne da Baba, ba ya aikin icen nan a gaban mutane. Sai ya ga zauren ba kowa. In kukun gidan, wani mutumin Yaman mai son sanin komai, ya leƙo, sai Baba ya tsaya cak ya fara motsa baki kamar mai tofi, har mutumin ya gaji ya tafi. Duk gidan sun yarda wani asiri ne na mutanenmu. Da na girma na gane ganye yake ƙirgawa. Ni kaina da nake raka shi wani lokaci in riƙe masa kwano, in na tambayi dalilin wani abu sai ya ce, "Uwata, ke dai riƙe kwanon." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Shekarar da abin ya faru ina budurwa, na fara jin kaina, ina ganin babu abin da zai gagare ni. Sun sauko daga Ɗa'if, ana sauke tukunyar daga mota, sai ƙafar Baba ta zame. Wani zai saki kaya ya tare da hannu. Shi ya rungume tukunyar ya faɗi da ita a ƙirjinsa. Ko ganye ɗaya bai karye ba, ƙafarsa ce ta karye a cinya. Aka kawo shi gida a kan ƙyaure. Mai ɗori ya zo ya yi aikinsa, ya ce kwana arba'in ko juyi mai ƙarfi kada ya yi, in ba haka ba ƙafar ta tafi ke nan. Tun mai ɗorin bai fita ba Baba ya kira ni. Ya ce gobe ni zan tafi gidan Sitti, kafin 'ya'yanta su ce za su nemo wani. Ya lissafa mini abu uku. In tura yatsa a ƙasar har gaɓa ɗaya, in na ji ta fara bushewa in ba ta ruwan randa kofi biyu. In goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Kada in juya tukunyar, akwai zanen gawayi a jikinta, ya riƙa kallon taga. Ya ce, "Abin da na faɗa shi ke nan, uwata. Kin san abin da ke cikin tukunyar nan." Na ce na sani. Takardarmu ce a ciki, har ƙanina ƙarami ya san wannan.

Kwana goma na farko lafiya lau. Kullum da safe in ratsa kasuwa in shiga tsohon gari, in hau benen, in gaida Sitti, in yi abu ukun nan kamar mai alwala, ba ƙari ba ragi. Da yamma in na dawo, kafin in ajiye mayafi Baba zai tambaya, yaya 'yar gata, in ce tana gaishe shi. Sai wata safiya ina goge ganye na ji yatsana yana danƙo. Na ɗaga reshen, sai ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe sun yi cincirindo a kan sabon toho da wuyan ƙullin furen. Washegari sun ninka. Na dawo gida na samu Inna a bakin murhu, na raɗa mata. Ta ajiye matsami ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin da Baba ke kwance.

"Kada ki kuskura ubanki ya ji," in ji ta. "Wallahi da rarrafe zai tafi, ƙafar ta goce. Darɓa ce. Tun muna yara a gonar wake toka ce maganinta."

Har yau ina ganin hannunta. Ba ta ɗebo ta cikin garwa ba, ta ce wannan ta wanke-wanke ce. Ta jira wutar ranar ta mutu, ta zaɓi fara tas ta saman murhu, ta tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwon baƙo, ta ƙulle a sabon ƙyalle. Ta ce in barbaɗa a ganyen, in kuma zuba a gindi in cakuɗa da ƙasar, taki ne, icen da ya sha wahalar hanya yana bukatar abin da zai riƙe shi. Na tuna Baba ya ce abu uku. Amma ai bai san da ƙwari ba lokacin da ya faɗa, haka na gaya wa kaina. Kuma ga yakuwarmu a jikin bango, kore shar, shaida a gaban idona. Na tafi na barbaɗa, na zuba tafi biyu a gindi, na bi da ruwa. Kwana uku ƙwarin suka zube. Na dawo gida ina tafiya ina jin kamar a buga mini ganga. Saboda jin daɗi na ƙara mata wani tafi biyu.

Ba a yi mako biyu ba na hau benen na tarar da ƙullin fure ɗaya a ƙasa. Na ɗauka na juya shi, lafiyayye a ido, ko tabo babu. Na ji takun Sitti, sai na yi maza na ƙulle shi a bakin mayafina. Washegari uku ne. Bayan nan na daina ƙirgawa. Bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an kai shi kusa da wuta, sheƙin nan ya dushe, koren ya koma ruwan ɗorawa. Kullum ina riga Sitti shiga zauren in tsince abin da ya zuba. Ita ba ta gani sosai, sai dai ta tsaya daga ƙofa ta ce, bana ya yi jinkiri, ya binti, wato 'yata. In ce mata sanyi ne bai sauko ba. Na ƙara ruwa, ba sauyi. Na rage ruwa, ba sauyi. Na karanta duk abin da na haddace na tofa. Da na rasa yadda zan yi, sai na ce ko yunwa ce, na sake kawo toka na zuba. Ina kashe ta, ina ganin ina ba ta abinci. Da yamma kuma Baba ya tambaya, in ce tana gaishe shi.

Ranar da asirina ya tonu, Inna ce ta aike ni sayen gishiri a hanyar dawowa, na ƙulle shi a ɗaya bakin mayafin. Ina kwancewa a tsakar ɗaki na kuskure na kwance wancan. Ƙullin fure suka zubo, suka gangara har gefen tabarmar Baba. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya tsaga shi da farce. Cikinsa ya yi baƙi. Bai tambaye ni komai ba, ya ce a ba shi sanda. Inna ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ce saura kwana tara. Ko kallonta bai yi ba. Maƙwabcinmu mai amalanke ya tura shi har ƙofar gidan Sitti, benen kuma da zaune ya hau shi, mataki ɗaya-ɗaya, yana jan ƙafar, gumi na zuba, ni ina biye da sandar. Da ya isa ya daɗe yana kallon icen. Sannan ya tura yatsa a ƙasar, ya sansana, ya ɗora a harshe. Na ga ya rufe ido. Na jira ya juyo ya dube ni, ya zage ni, ya mare ni, ko me. Bai juyo ba.

Ya yi iya yinsa. Ya sa na taya shi muka kwantar da tukunyar, ya zaro icen, ya wanke saiwar da duk ruwan saman da ya rage a randa. Saiwar da ya kamata a ce fara ce ta koma ja-ja, tana saluɓewa a hannu kamar dafaffiya. Ya datse abin da ya ruɓe, ya sake mata sauran baƙar ƙasar da ya ajiye. Kullum amalanke ya kawo shi, ya wuni a zaune a gabanta. Ƙulli ɗaya ne ya rage a can saman reshe, muka zuba masa ido mu biyu. Wata safiya ya buɗe rabi, fari da siririn ratsin ja guda ɗaya. Kafin azahar ya faɗo. Baba ya ɗauka ya aika ni in kira Sitti, ya sa mata a tafin hannu. Ta shafa shi, ta miƙa hannu ta shafa rassan, ganye yana zuba a kan yatsunta.

"Me ya same shi, ya Hajj?"

"Ni ne, Sitti," in ji Baba. "Tun a Ɗa'if na yi kuskuren ƙasa."

Ina tsaye a bayansa, taku ɗaya tsakaninmu. Na bar shi ya ɗauki laifina. Tsoro ne, ba wani abu ba, ba zan yi masa ado ba. Sitti ta rufe tafinta a kan furen ta ce, "Halas, shi ke nan, ya Hajj. Sau biyu ke nan autana ya mutu mini." Ta juya tana lalube bango ta fita.

Ba ta sake hawa zauren ba, kuma zafi bai zagayo ba aka yi jana'izarta. Da takardar Baba ta ƙare, babban ɗanta ya kira shi, ya ba shi turmin yadi da kalmomi masu daɗi, ya ce ya nemi wani kafili. Wa zai ɗauki dattijo mai ɗingishi? Ƙafar ba ta ƙara daidaita ba tun hawan benen nan. Takarda ta mutu, tamu ta bi ta. Aka sallamo ƙannena daga makaranta, suka shiga dako a kasuwa a ɓoye. Ni sai da na yi aure na samu tawa a jikin ta mijina. Baba kuwa ya shiga lungu bai sake fita ba. Mutumin da ya ratsa ƙasashe da tafin ƙafarsa, iyakar tafiyarsa ta zama daga ƙofarmu zuwa ɗan masallacin da ke ƙarshen lungu. In aka ce masu duba takardu suna unguwa, sai ya ja sandarsa ya shige ɗaki ya zauna a bayan ƙyaure kamar yaron da ya yi laifi. Ƙanshin teku yana iske shi har tabarmarsa, bai sake ganin tekun ba. Makka tana nan kusa, wadda dominta ya baro uwarsa, bai sake zuwa ba. Shekara goma sha wani abu ya yi a haka, ina kallo, babu abin da zan iya. Inna ba ta ƙara ambaton icen ba har ta koma ga Allah, amma ta daina tankaɗe toka, ko ta wanke-wanke ni take sa wa.

Shi ya gaji gwangwanayen Inna na jikin bango. A shekararsa ta ƙarshe na zo gida da goyo, na tarar da shi zaune a ƙasa da la'asar yana barbaɗa wa yakuwa toka. Na tsaya ina kallon farin ƙurar tana sauka a kan ganye, sai maganar ta fito da kanta, bayan duk shekarun nan.

"Baba, ni ce na zuba mata toka."

Bai daina barbaɗawa ba. Ya ce, "Na sani, uwata. Harshena ya gaya mini tun ranar." Ya kakkaɓe hannunsa a gwiwa. "Ai ni ma na taɓa zuba mata, a shekarar farko, ɗan kaɗan, ta kusa tafiya. Na san ba ta so. Abin da take so na gaya miki, abin da ba ta so na riƙe a cikina, don kada wani ya iya a ce ba a bukatata. Na ɓoye wa kuku, na ɓoye wa 'ya'yan gida, ban ankara ba har na ɓoye wa 'yar cikina. Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba."

Na san sauke mini kaya yake son yi. Bai sauku ba. A da nawa kaɗai nake ɗauke da shi, daga ranar na haɗa da nasa.

To, ga shi yanzu an kawo mini ita har ɗaki a tukunyar roba. Na ce ba zan taɓa ba, amma kafin magariba na sa an tara mini kwano a ƙarƙashin mukayyif, na hana surukata zubar da ganyen shayi, na sa an matsar da tukunyar inda rana ba ta daɗewa. Na zaunar da jikata na ba ta labarin nan tun daga farko, ban rage komai ba, don na rantse ni ba zan mutu da magana a ciki ba. Tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ke ba ta wuya. Ta saurara har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta jawo wayarta, ta ɗan latsa, ko shayina bai huce ba ta juyo mini da fuskar wayar. Ta karanta da Larabci: ba ta son ruwa mai gishiri, ba ta son rana mai zafi, kada a zuba mata toka.

"Ga shi nan a layi na biyu, Sitti," ta ce, don haka take kirana ni ma, wato kaka. "Kowa ya sani."

Ba da mugunta ta faɗa ba, mamaki take yi. Na ce ta sake karanta mini. Ta sake. Na ce to, madalla, na gode.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Na yi mata duk abin da Baba ke yi, har da wanda wayar ba ta faɗa ba, amma nan Jidda ce, kuma babu mai kai ta Ɗa'if. Da safen nan na tashi na tarar da ƙullin fure ɗaya a kan tayil, lafiyayye a ido, ko tabo babu. Sai da na gama ƙulle shi a bakin mayafina, na ɗaga kai ina sauraren taku, sannan na tuna babu sauran wanda zan ɓoye wa.